Salon gina manhaja: rage kurakurai yake yi ko sauya musu wurin zama?

ɗanFagge_dev:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga manyanmu. Akwai maganganu biyu da ke cin karo da juna. Wasu na cewa duk manhajar da aka gina bisa sanannun salon nan, wato tsare-tsaren kod da aka saba maimaitawa, irin su Singleton (objek ɗaya tak da kowa ke amfani da shi), Observer (masu sauraro da ake sanarwa in abu ya sauya), Factory (mai ƙera objek) da Strategy (hanyoyin aiki da ake zaɓar ɗaya a cikinsu), kurakuranta sun fi ƙaranci, tunda hanya ce da aka riga aka bi aka ga ta ɓulle. Wasu kuma na cewa in ka buɗe tarihin Git (ma'ajiyar sauye-sauyen kod) na babbar manhaja, fayilolin da aka fi komawa gyara su ne dai masu ɗauke da waɗannan salon. To wanne za mu kama? Kuma in za a gina manhajar shago, a ce ta dilan atamfa a Kantin Kwari, mai lissafin kaya da bashi da karɓar kuɗi ta waya, wane salo ne ya fi buƙatar taka-tsantsan? Don Allah a warware mana dalla-dalla.

Malam_Java:
Wa alaikumus salam. Duka biyun suna da ƙamshin gaskiya, sai dai ta farkon an ɗora wa salon kayan da ba nasa ba. Littafin da ya yaɗa su, Design Patterns na shekarar 1994, wanda Erich Gamma da Richard Helm da Ralph Johnson da John Vlissides suka rubuta, ya tattara salo 23. Abin da suka sa a gaba shi ne manhajar da za ta karɓi sauyi ba sai an rushe ta ba, kuma a iya sake amfani da sassanta. A ƙarƙashin kowane salo sun rubuta abin da za ka samu da abin da za ka rasa. Wannan ɓangaren ne ake tsallakewa, a kwafi zanen kawai a wuce.

An kuma auna abin. A 2004 Marek Vokáč ya fitar da bincike a mujallar IEEE ta injiniyancin manhaja, inda ya bi tarihin gyare-gyaren wata babbar manhajar kasuwanci da aka rubuta da C++. Ya tarar kod ɗin da ke cikin Factory kurakuransa ba su kai na sauran ba, na Observer da Singleton kuwa sun ɗara, Template Method (uwar kilas ta tsara matakai, 'ya'ya su cike wasu) bai karkata ko'ina ba. Ka ga ke nan ba a yi musu kuɗin goro. Sai an ce wane salo, kuma a ina.

Dakta_Kabuga:
Malam, Allah ya ƙara basira. Bari in ɗora abu ɗaya kafin yara su tafi da cewa Observer ne ke haifar da kuskure. A wancan binciken kansa, Observer da Singleton sun fi fitowa a manyan sassan manhajar, inda abubuwa da yawa ke haɗuwa. Girman kilas (wato ƙunshin kod da ake ƙera objek daga gare shi) shi kaɗai yana ja wa kurakurai. El Emam da abokan aikinsa sun nuna haka a 2001: ma'aunai da dama da ake ganin suna hasashen kuskure, da zarar an cire tasirin girman kilas sai alaƙar ta yi rauni ƙwarai. Mahaɗar titi ta fi lungun unguwa ganin karo, ba don an yi mata shataletale ba, sai don nan motoci ke haɗuwa. Ana kai salo ne inda aiki ya yi cunkoso, don haka in ka ƙirga gyare-gyare kawai, dole ya fito kamar mai laifi.

Kurna_PHP:
Mu dai masu PHP Singleton bai dame mu ba. Kowace buƙata ta zo, a tashi komai sabo, ta ƙare a share. Ina matsalar take?

Hajiya_Saba:
@Kurna_PHP ƙanena, wannan gaskiya ce muddin kana kan PHP-FPM kuma kana maganar buƙatun shafi kaɗai. Ka kunna Octane na Laravel (tsarin gina manhaja da PHP), manhajar za ta zauna a memori tana karɓar buƙatu ɗaya bayan ɗaya, duk abin da ka ɗaura da `singleton()` kuma aka riga aka ƙera shi yana iya tsallakawa daga wannan buƙata zuwa waccan. Haka ma'aikacin layi na `queue:work`, mai ɗaukar ayyukan da aka jera don yi daga baya, shi ma ba ya mutuwa tsakanin aiki da aiki.

Ga yadda ɓarnar ke faruwa a irin manhajar da ɗanFagge ya kawo. Shaguna da yawa na amfani da saba ɗaya. An yi kilas mai riƙe da "shagon da ake ciki yanzu", an ɗaura shi a matsayin Singleton, yana karanta lambar shago sau ɗaya a lokacin ƙera shi. Aikin farko na shagon wani Alhaji ne. Aiki na biyu na wani shagon ne daban, amma objek ɗin na nan da tsohuwar lamba. Sai rasit ya fita da sunan shagon da ba shi ba, ko mafi muni, a rage kaya daga sito na wani. Ba wani jan rubutu da zai fito, manhajar a ganinta komai daidai ne. Maganinsa a Laravel shi ne `scoped()`, wanda ake zubarwa a farkon kowace buƙata ko aikin layi. Wanda ya fi wannan ma, ka miƙa lambar shago a fili ga duk metod ɗin da ke buƙatarta.

Kurna_PHP:
Na karɓa Hajiya. Ashe `queue:restart` da ake yi bayan an ɗora sabon kod ma dalilinsa ke nan.

Tarauni01:
A Java ai an daɗe da gama da matsalar Singleton da zaren aiki masu yawa, wato ayyukan da ke gudana lokaci guda. Ka duba ko `null` ne, ka shiga `synchronized`, ka sake dubawa, sannan ka ƙera. Shi ke nan.

Malam_Java:
@Tarauni01 saura kalma ɗaya, kuma ita ce duka maganar: `volatile`. Layin `instance = new Saiti()` matakai uku ne a ƙasa: a ware wuri a memori, a gudanar da kwanstirakta, a ajiye adireshin cikin `instance`. Kamfaila da injin suna da damar gabatar da na uku kafin na biyu ya kammala a idon wani zaren. Sai zare na biyu ya zo dubawar farko, wadda ba ta cikin kulle, ya ga ba `null` ba ne, ya ɗauki objek ɗin da ba a gama cikawa ba. Kafin Java 5 ta 2004 ko `volatile` ɗin ba ya ba da tabbaci, sai da aka gyara ƙa'idar memori ta harshen. Irin wannan kuskuren ba ya fitowa a kwamfutar mai rubutu, sai a saba, ranar da aka yi cunkoso.

Kada ma ka wahalar da kanka. A Java yi amfani da `enum` mai mamba ɗaya, ko ƙaramin kilas na ciki mai riƙe da objek ɗin. A Kotlin akwai `object`. A C++ daga 2011, `static` na cikin fankshin yana da kariya a lokacin ƙera shi. Amma fa duk wannan kariyar ƙerawa ce kawai. In Singleton ɗin na ɗauke da `HashMap` da zaruruwa ke rubutu a ciki, matsalar na nan daram. Shi kansa Gamma, a wata hira a 2009, ya ce da za a sake littafin yana goyon bayan a cire Singleton.

Mai_Gwaji:
Ta ɓangarenmu masu gwaji, illar Singleton ita ce yana lalata abin da ake kama kurakurai da shi. Gwaji na ɗaya ya sauya saitin haraji a ciki, gwaji na tara ya gaji wannan saitin. In ka gudanar da su a jere duka su wuce, in ka gudanar da na tara shi kaɗai ya faɗi, ko akasin haka. Daga nan sai mutane su daina yarda da gwajin, su riƙa danna "sake" har ya yi kore. Hanyar tona asirinsa mai sauƙi ce: hargitsa jerin. A PHPUnit `--order-by=random`, a Python a sa `pytest-randomly`. Duk wanda ya faɗi bayan hargitsawa, bi shi, galibi za ka tarar da wani abu da kowa ke taɓawa.

Yar_Hotoro:
Ni Observer nake so a tsaya a kai, domin a manhajar waya shi ne ya fi cin mutane. Ƙa'idarsa: duk wanda ya yi rajistar sauraro dole ya cire kansa. Rajistar kowa na tunawa, tunda in ba ka yi ba abin ba zai yi aiki ba tun ranar farko. Cirewar ce ake mantawa, tunda in ba ka yi ba komai na tafiya lafiya, na ɗan lokaci.

A Android, da an juya waya a kwance ana rushe Activity, wato shafin manhajar da ke kan allo, a gina sabo. In a `onCreate` ka yi rajista da wani abu mai tsawon rai ba ka cire ba, juyi biyar ya bar maka masu sauraro shida. Biyar matattu ne amma memori ba za ta iya share su ba, saboda akwai mai riƙe da su. Illa biyu ke nan. Ta farko, wayar mai 2GB, irin wadda yaran shago suka fi riƙewa, za ta yi ta nauyi har manhajar ta rufe kanta. Ta biyu ta fi zafi: in mai sauraron nan aikinsa ya rage yadi daga lissafi idan an sayar, sayarwa ɗaya za ta rage sau shida.

A Fragment kuwa, wato wani yanki na shafin, ana rubuta `observe(this)` a cikin `onViewCreated` maimakon `observe(viewLifecycleOwner)`. Fragment ɗin na iya rayuwa bayan fuskarsa ta mutu, don haka duk dawowa sai a ƙara sabon mai sauraro kan tsohon. A Flutter shi ne saƙon nan na `setState() called after dispose()`: an manta `removeListener` ko `cancel()` a cikin `dispose`.

Gwaji uku kafin a miƙa wa mai shago: a sa LeakCanary mai gano abin da ya maƙale a memori, a kunna zaɓin da ke hana ajiye Activity a saitin masu gina manhaja, sannan a shiga fuskar sayarwa a fita sau goma a yi sayarwa ɗaya a duba databes.

Gwale_Django:
'Yar'uwa kin kawo ɓangaren da saƙo ke zuwa fiye da sau ɗaya. Akwai ɗaya ɓangaren, inda ba ya zuwa kwata-kwata. A Django, siginar `post_save`, wato sanarwar an ajiye layi a databes, ba ta tashi in ka yi `bulk_create` ko `QuerySet.update()`. A Laravel ma haka, `where(...)->update(...)` ba ya tada masu sauraro na Eloquent, sashen Laravel mai magana da databes, domin ba a ɗauko layukan ɗaya-ɗaya ba. To a ce an ɗora sabunta jimillar bashin kwastoma a kan sigina. Wata shida komai lafiya. Ranar da aka ce a shigo da tsofaffin basussuka daga Excel, layi 3,000, wani ya ga `save()` ɗaya-ɗaya na jan lokaci ya koma `bulk_create`. Layukan sun shiga, jimilla ba ta motsa ba. Wanda ya rubuta wannan bai yi ganganci ba, babu abin da ke gabansa a fayil ɗin da zai gaya masa akwai mai sauraro a wani wuri.

Akwai kuma na lokaci. Sigina na tashi a cikin tiranzakshin (rukunin rubutu a databes da ke shiga duka ko ya warware duka), kafin a tabbatar da shi. In ya tura aiki ga Celery, mai gudanar da ayyukan layi a Python, ma'aikacin na iya riga databes, ya nemi layin ya tarar babu. Ko a tura wa kwastoma SMS cewa an karɓi kuɗinsa, sannan tiranzakshin ɗin ya warware. Don haka aka yi `transaction.on_commit`.

ɗanFagge_dev:
Tirƙashi. To Yaya, a bar Observer ɗin ke nan gaba ɗaya?

Gwale_Django:
A'a. Ka raba ayyukan gida biyu. Duk abin da in bai faru ba lissafi ba zai daidaita ba, wato rage kaya, rubuta bashi, shigar da kuɗi, a kira shi kai tsaye, a fankshin ɗaya, cikin tiranzakshin ɗaya, yadda mai karatu zai gan shi da idonsa. Abin da in ya ɓace ba a yi asara ba, kamar SMS na godiya ko sabunta allon rahoto, shi za a bar wa masu sauraro.

Injiniya_Sharada:
Kun taru kun yi wa salo taron dangi. Bari in kare wanda ya cancanta. State na rage kuskure, kuma ana iya lissafa yadda yake yi. Ɗauki biyan kuɗi. In ka ajiye shi da tutoci huɗu, `an_tura`, `an_biya`, `ya_faɗi`, `an_mayar`, kana da haɗi 16. Masu ma'ana a ciki ba su wuce biyar ba: sabo, ana jira, an biya, ya faɗi, an mayar. Sauran 11 ɗin duk ramuka ne, misali a ce an biya kuma ya faɗi a lokaci guda. In ka mai da shi hali ɗaya tak mai ƙayyadaddun hanyoyin sauyawa, ramukan nan sun tafi, ba sai an rubuta gwaji a kansu ba. Daga "ana jira" sai "an biya" ko "ya faɗi". Daga "an biya" sai "an mayar". Duk wata hanya a jefa kuskure da ƙarfi.

Hajiya_Saba:
Injiniya, na yarda, amma a ƙara wannan. State na tsare ƙa'ida ne a cikin memorin aiki ɗaya. Kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet suna maimaita turo sanarwa in ba su sami amsa da wuri ba, kuma da irin netwok ɗinmu hakan ba baƙon abu ba ne. Sanarwa biyu su iso kusan tare, kowace ta karanta "ana jira", kowace ta ga hanyar halal ce, kowace ta rage wa kwastoma bashi. Kilas ɗinka bai karya doka ba ko sau ɗaya, amma an rage bashin sau biyu.

Kariyar a databes take. `UPDATE biya SET hali='an_biya' WHERE id=? AND hali='jira'`, sannan ka duba layi nawa ya sauya. In ɗaya ne ci gaba, in sifili ne wani ya riga ka, ka amsa da 200 ka tsaya. Sannan a sa `UNIQUE` a kan lambar shaidar cinikin. Kuma a tambayi kamfanin kai tsaye a tabbatar da adadin kuɗin kafin a saki kaya.

Singa_POS:
Tunda an zo maganar kuɗi. Ana yawan jera rangwame da haraji a matsayin Decorator, kowane ya naɗe na ƙasansa. Kowane kilas shi kaɗai daidai yake, gwajinsa na wucewa. Kuskuren a jerin naɗin yake. Kaya na ₦100,000, rangwamen ₦5,000, harajin VAT kashi 7.5. In an fara cire rangwame: 95,000 a ɗora haraji, ₦102,125. In an fara ɗora haraji: 107,500 a cire 5,000, ₦102,500. Bambancin ₦375 a ciniki ɗaya. Abin da ke ɓoye shi, in rangwamen na kaso ne, kamar kashi 5, duk yadda ka jera amsa ɗaya za ka samu, sai dai ɗan kobo na zagayawa. Don haka mai gwaji da kaso kaɗai ba zai taɓa gani ba. A haɗa jerin a wuri ɗaya tak, kada fuskar waya ta haɗa nata, saba ta haɗa nata.

Tarauni01:
Kuma don Allah a daina ajiye kuɗi a `float`. 0.1 a tara da 0.2 yana ba da 0.30000000000000004. A ajiye kobo a cikakkiyar lamba.

Kurna_PHP:
Mun fara kauce hanya fa, wannan ai ba salo ba ne.

Malam_Java:
Salo ne mana. Martin Fowler ya sa Money cikin salon manhajojin kasuwanci da ya tattara a 2002. Ƙaramin kilas ne mai riƙe da adadi da nau'in kuɗi, ba a sauya shi bayan an ƙera. Yana hana ka tara naira da dala ko yuwan bisa kuskure, abin da ke da muhimmanci ga masu shigo da kaya daga Sin. Yana kuma da hanyar rabo: ₦100 tsakanin mutum uku kobo 10,000 ne, kowa 3,333, saura kobo ɗaya, dole a san wa za a ba. Irin wannan da State ɗin Injiniya, ku lura, abu ɗaya suke yi: suna rage yawan halin da manhaja za ta iya shiga. Singleton da Observer kuwa ƙara hanyoyin da sassa ke taɓa juna a ɓoye suke yi. Ni a nan nake ganin bambancin yake.

Dakta_Kabuga:
Wannan rabon naka ya yi ma'ana, Malam, amma a riƙe shi a matsayin fahimta, ba sakamakon awo ba. Kuma Factory da aka yaba a sama, a tuna kod ɗinsa yawanci gajere ne, ba ya ɗauke da lissafi mai yawa. Ƙarancin kuskurensa na iya zama daga nan.

BabanSpring:
Ba wanda ya taɓo Proxy, wato wakili, alhali shi ne salon da kowa ke amfani da shi bai sani ba. A Spring, `@Transactional` na aiki ne ta hanyar wakilin da aka naɗe kilas ɗinka da shi. Kira daga waje ya bi ta wakilin, a buɗe tiranzakshin. Amma in metod `sayar()` ya kira `rageKaya()` a cikin kilas ɗaya, kiran bai fita waje ba, bai bi ta wakili ba, alamar da ke kan `rageKaya()` ta zama ado. Wuta ta ɗauke ko databes ya yanke a tsakiya, an rubuta rabin aiki. Gyaran: a kai metod ɗin wani kilas, ko a ɗora alamar a kan na wajen. Ƙari kuma, a asali ba ya warware aiki in kuskuren da aka jefa irin wanda ake shelantawa ne da `throws`, sai ka sa `rollbackFor`.

Ɗaya fuskar Proxy ita ce jinkirta ɗauko bayani. Shafin masu bashi 200, kowane layi na nuna sunan kwastoma: tambaya ɗaya ta jerin, 200 na sunaye, 201 ke nan. In kowace na cin milisakan biyar, an haura daƙiƙa ɗaya a banza. A kwamfutar mai rubutu da layi goma ba za a ji ba. Eloquent na da `with()`, Django na da `select_related` da `prefetch_related`, Hibernate na da `JOIN FETCH`. A Laravel ka kunna `Model::preventLazyLoading()` a wurin gwaji, zai yi maka ihu tun kafin mai shago ya yi.

Gwale_Django:
Shi ya sa wasunmu ke cewa rabin salon nan cike giɓin harshe ne. Peter Norvig ya nuna a 1996 cewa 16 daga cikin 23 ɗin suna sauƙaƙa ko su ɓace a harsuna irin su Lisp. A Python, Strategy na farashin sari da na ɗaiɗai da na tsohon kwastoma fankshin uku ne a cikin `dict`. Wanda ya kawo intafes da kilas uku da Factory a kai ya rubuta fayil biyar a inda layi ashirin ya isa, kuma kowane fayil wurin ɓuyan kuskure ne.

BabanSpring:
Sauƙaƙa rubutu daban, kawar da haɗarin daban. `dict` ɗinka in aka ba shi nau'in kwastoman da babu fa? In ka rubuta `.get(nau'i, farashin_ɗaiɗai)`, dilan da aka yi kuskuren harafi a nau'insa zai sayi bandir hamsin a farashin ɗaiɗai, ba wanda zai sani sai ya zo da rasit yana faɗa. Gara ya fashe nan take. A Kotlin da `sealed class` da `when`, ko Java ta yanzu da `sealed` da `switch`, in ka ƙara nau'i ka manta wani wuri kamfaila ba zai bari ka wuce ba.

Gwale_Django:
Wannan kam gaskiya ne, a bar `KeyError` ya yi aikinsa.

Yar_Hotoro:
Malam_Java, Template Method da ka ce bai karkata ko'ina ba, shi ba shi da nasa tarkon?

Malam_Java:
Yana da shi, 'yata, guda biyu sanannu. Na farko: uwar kilas ta kira metod ɗin da ɗa zai sauya, daga cikin kwanstiraktanta. A Java na ɗan ne zai gudana, alhali ba a cika filayensa ba tukuna, sai ka ga `null` a inda ka rantse ka sa ƙima. A C++ kuma akasin haka, na uwar ne zai gudana, naka ba za a kira shi ba. Zane ɗaya, harshe biyu, kuskure iri biyu.

Na biyu: ɗa ya dogara da yadda uwa ke aiki a ciki. Misalin da aka fi sani, ka gaji `HashSet` don ƙirga abin da aka zuba, ka ƙara ƙirga a `add` da kuma `addAll`. Ka zuba abu uku da `addAll`, ƙirga ta nuna shida, domin `addAll` na uwar yana kiran `add` ɗinka a ciki. In manhajar shago na da uwar kilas ta rahoto da 'ya'ya goma sha biyu, duk taɓa uwar sai an gwada goma sha biyun.

ɗanFagge_dev:
Allah ya saka da alheri. In koma kan tambayata ta farko: in mutum na so ya auna a manhajarsu, ba ya dogara da binciken wasu ba, yaya zai yi?

Dakta_Kabuga:
Ana iyawa, ga matakan. Ka fara ware kwamit (sauyin da aka ajiye a Git) na gyaran kuskure. In kuna sa lambar tikiti a saƙon kwamit, bi ta nan, ya fi `git log --grep=fix` inganci, domin "fix" ɗin na kwaso har gyaran rubutu da tazarar layi. Sannan ga kowane gyara, `git blame` a kan sigar da ta gabace shi zai nuna kwamit ɗin da ya shigo da layukan da aka gyara. Wannan ita ce dabarar SZZ ta Śliwerski da Zimmermann da Zeller, ta 2005. Rauninta, in gyaran ƙara layi ne da aka manta, kamar `removeListener` ɗin da Yar_Hotoro ta ambata, babu tsohon layin da za a ɗora wa laifi.

Na uku, ka yi wa kilas-kilas alama da hannu: wanne ke cikin wane salo, kuma wace rawa yake takawa. Kada ka dogara da suna. Akwai mai suna Factory da ba ya ƙera komai, akwai Singleton da ba a rubuta masa sunan ba. Na huɗu, ka raba yawan kurakurai da layi 1,000, sannan ka kwatanta masu girma ɗaya da masu yawan sauyi ɗaya. Na biyar shi ne mai wahala: wurin da aka gyara ba lallai ne wurin da ya jawo ba. Misalin Gwale na `bulk_create`, gyaran zai faɗa kan fayil ɗin shigo da Excel, Observer ya fita fes a ƙididdiga.

Kuma in manhajar ƙarama ce, kilas 80 da kurakurai 40, kada ka fitar da hukunci daga kaso. Karanta arba'in ɗin ɗaya-ɗaya ka rubuta sababin kowanne, ya fi amfani.

Mai_Gwaji:
Ƙari a kan na Dakta: Prechelt da abokansa sun yi gwaji da masu rubuta manhaja, aka buga a 2002, suka ga in an rubuta a sharhin kod cewa ga salon da aka bi, gyara kan zo da sauri ko da ƙarancin kuskure. Layi biyu ne a saman kilas: wannan Observer ne, ga masu sauraronsa, ga inda ake cire su. A yanayinmu da mai gina manhaja ke miƙa aiki ya wuce, wani ya gada ba tare da takarda ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Injiniya_Sharada:
Ni har yanzu ban gamsu a ɗora wa Observer laifin wanda ya manta cire rajista ba. Kuskuren mai aiki ne.

Yar_Hotoro:
Ranka ya daɗe, in mutum dubu suka yi mantuwa iri ɗaya a wuri ɗaya, zanen ma da nasa kason. Ai shi ya sa Google ta fito da LiveData mai cire kansa da kansa, Java 9 kuma ta sa wa `java.util.Observable` alamar a daina amfani da shi.

Injiniya_Sharada:
LiveData ɗin ai shi ma Observer ne, an dai gyara masa hali. Ba mu rabu ba tukuna.

Kurna_PHP:
Kafin a watse, Hajiya, Repository, kilas ɗin da ake bi ta kansa a ɗauko ko a ajiye bayani, a kan Eloquent fa? Ana ta cewa dole ne.

Hajiya_Saba:
In Repository ɗin zai dawo maka da model ɗin Eloquent ne, wanda kowa zai iya kiran `save()` a kansa daga ko'ina, ba abin da ya tsare, ka dai ƙara fayil. Inda yake biyan kuɗinsa a manhajar shaguna da yawa shi ne tace lambar shago a wuri ɗaya, don kada wani ya manta `where('shago_id', ...)`. Wannan kuma `addGlobalScope` na yi. Sai dai ka sani `DB::table()` da ɗanyen SQL ba sa bi ta kansa, don haka a binciko su da `grep` a duba kowanne da ido. ɗanFagge, manhajar taku shago ɗaya ce ko da yawa? Kuma za ta yi aiki in babu netwok? Domin in za ta yi, akwai maganar haɗa bayanan waya da na saba, wadda ba mu ko taɓa ba.